Daga Fure Zuwa Iri: Yadda 'Ya'yan Tsirrai Ke Ginuwa Da Yadda Aka Karkasa Su

Mai kaya a kasuwar Farin Gada da ke Jos ya san yadda yake raba hajarsa. Tumatir da attaruhu da kuɓewa kayan miya ne, mangwaro da lemu da kankana kayan marmari, masara da acca kuwa hatsi. Wannan rabo ya wadatar wa tukunya da ciniki. A gona da rumbu ne yake gazawa. Ba zai gaya wa manomi dalilin da ya sa ƙwayar masara ke shekara a buhu kuma ta tsira, amma ƙwallon mangwaro ya mutu cikin 'yan makonni ba. Haka kuma ba zai bayyana abin da ya sa ayaba ke nuna a ɗaki, abarba kuwa ba ta ƙara zaƙi bayan an yanke ta ba. Hanyar amsoshin tana farawa ne daga wani rabon na daban, wanda masana tsirrai suka gina a kan tambaya ɗaya tak: wane sashe na fure ne ya girma ya zama abin da ke hannunka? Tun 1788, lokacin da Bajamushe Joseph Gaertner ya fara fitar da aikinsa a kan 'ya'ya da ƙwayoyin tsirrai sama da 1,000, wannan tambayar ake bi.

Tilas a fara da furen. A tsakiyarsa akwai sashen mace mai gaɓa uku: kai mai danƙo, wuya siriri, sai gindi mai kumburi wanda shi ne mahaifa. A cikin mahaifar akwai ƙananan ƙwai, wani furen ɗaya, wani ɗaruruwa. Sashen namiji kuwa shi ke fitar da garin barbara, wanda a dawa da gero manoma ke kira bununi. Idan ƙwayar garin ta sauka a kan mai danƙon nan, sai ta fitar da siririn bututu ya bi ta wuyan har ya kai ga ƙwan, ɗauke da ƙwayoyin halitta biyu na namiji. Ɗaya ta haɗu da ƙwan ta zama ɗan tayin tsiro, ɗayar ta haɗu da wata ƙwayar halitta a tsakiyarsa ta zama guzurin da tayin zai ci. Masanin Rasha Sergei Nawaschin ne ya gano wannan barbara mai ninki biyu a 1898. Daga nan dokar ba ta sauyawa: ƙwan shi ke zama ƙwayar iri, bangon mahaifa kuma shi ke zama ɗan da ya lulluɓe ta.

Masara ce ta fi nuna wannan a fili. Kowane zare na gemun masara wuyan fure ɗaya ne, kuma yana haɗe da ƙwai ɗaya a jikin totuwa. Zaren da bununi bai taɓa ba, gurbinsa zai fito babu ƙwaya. Zaren gindin goyo ne ke fara leƙowa, na baki kuma su zo daga ƙarshe, shi ya sa bakin totuwa ya fi yawan zama fanko. Idan fari ya kama gona daidai lokacin da masara ke fitar da kai, gemu yakan makara alhali bununi ya riga ya zube cikin kimanin mako guda, sai a girbe goyo mai giɓi ko da an zuba taki iya zubawa. Wanda zai shuka masara kaɗan a bayan gida, ya jera ta kunya huɗu ko biyar gajeru kusa da juna maimakon doguwar kunya ɗaya, domin iska ce ke ɗaukar garin. Kankana da kabewa da kokwamba kuwa ƙwari suke jira. Furen namiji daban, na mace daban a kan yaɗo ɗaya, ana gane na macen da ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashinsa, kuma yini guda yake yi a buɗe. Manomin da ke feshin maganin ƙwari da safe, lokacin da zuma ke aiki, da hannunsa yake jawo kankana mai karkataccen ciki, domin ɓangaren da ƙwayoyinsa ba su samu barbara ba ba ya cika. Feshi a gonar da ke huda aikin yamma ne.

Bangon mahaifa, idan ya girma, yakan kasu shimfiɗa uku: ta waje, ta tsakiya da ta ciki. Yadda waɗannan ukun suka ƙare shi ne ginshiƙin karkasawar.

A mangwaro duk ukun suna bayyane. Ɓawo shi ne na waje, tsokar da ake sha ta tsakiya, ƙwallo mai tauri da zare kuma ita ce shimfiɗar ciki. Ƙwayar irin tana can cikin ƙwallon, sai an fasa ake ganinta. Duk ɗan da shimfiɗarsa ta ciki ta taurare haka, dangin masu ƙwallo ne: magarya, kurna, aduwa, ɗinya, tsada, da atilin da ake kawowa daga yankin Pankshin, wanda ake jiƙawa a ruwan ɗumi tsokarsa ta yi laushi a bar ƙwallon mai tsini biyu. Kwakwa ma tana cikinsu, ko da yake ba ta yi kama ba. Zaren da ake yayewa shi ne shimfiɗar tsakiya, ƙoƙon shi ne ta ciki, farin naman da ruwan kuwa guzurin ƙwaya ne. A goruba, shimfiɗar tsakiyar ce ake gwagwiya. A kwakwar manja, tsokar ce ke ba da manja, ƙwayar da ke cikin ƙwallo kuma ta ba da wani man daban, wato mai iri biyu daga sassa biyu na ɗa guda.

Dabino yana ruɗin mutane a nan. Abu mai taurin da ke cikinsa ƙwayar irin ce kanta, guzurinta ne ya sandare, shimfiɗar ciki kuwa ita ce farar fatar nan mai kamar takarda da ke manne da shi. Saboda haka dabino ba ya cikin dangin aduwa, yana cikin dangi na biyu, masu tsoka tun daga waje har ciki. Fiya ma haka take, ƙwaya ɗaya ƙatuwa babu ƙoƙo. Wannan dangi shi ne mafi faɗi a kasuwa: tumatir, barkono, tattasai, gauta, yalo, gwaiba, gwanda, inabi, kanya, har da ayaba. Baƙaƙen ɗigon da ke tsakiyar ayaba ƙwai ne da ba su zama iri ba, domin ayabar da ake nomawa tana yin 'ya'ya ba tare da barbara ba, shi ya sa 'ya'yan gindinta ake cirewa a dasa.

Tumatir ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne arzikin lambuna da yawa a Filato. Furensa yana barbarar kansa, amma garin yana lalacewa idan zafin rana ya wuce kimanin digiri 32, ko na dare ya ƙi sauka ƙasa da 21, sai huda ta bushe ta zube babu ɗa. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, darenta na da sanyi, wannan ne ke ba ta tumatir a lokutan da zafi ke hana wasu wurare. Baƙin tabon da ke fitowa a ƙasan tumatir, wanda da yawa ke zuba wa maganin cuta a banza, ƙarancin sinadarin kalshiyam ne a ƙarshen ɗan. Ruwa ne ke kai sinadarin can, don haka ban ruwa na yau a cika, gobe a bari ƙasa ta tsage, shi ke haddasa shi. Maganinsa daidaita ban ruwa da rufe gindi da ciyawa.

Dankalin turawan Bokkos da Mangu ɗan uwan tumatir ne, kuma yakan yi 'ya'ya kore ƙanana a sama bayan huda. Waɗannan su ne ainihin 'ya'yansa, suna da dafi, kada a bar yara su ci. Dankalin da ake tonowa kara ne da ya kumbura a ƙasa, idanunsa kuwa tohon reshe ne. Abin da ake kira irin dankali yanki ne na jikin uwar, shi ya sa cutar bara ke bin sa zuwa gonar bana. Aya ma haka take, ba ta da alaƙa da fure.

Lemu da kankana rassa ne na masu tsoka, kowanne da nasa gini. A lemu, ɓawon waje na ɗauke da ƙananan jakunkunan mai, farin soson nan shi ne shimfiɗar tsakiya, ɓare-ɓaren kuma ɗakunan mahaifa ne, cike da 'yan gashi da suka tsiro daga bangon ciki suka cika da ruwa. Launin ɓawo ba ya nuna zaƙi, sanyin dare ne ke kore launin kore, don haka lemun ƙasa mai zafi kan nuna sarai yana kore. Kankana, kabewa, gurji, agushi da duma kuwa mahaifarsu a nutse take ƙarƙashin fure, naman gindin furen ya haɗe da bangonta ya zama kakkauran ɓawo. A duma ɓawon ne ke bushewa ya zama ƙwarya.

Akwai kuma waɗanda abin da ake ci a jikinsu bai fito daga mahaifa ba. Ja ko rawayan yazawa mai ruwa sandar fure ce ta kumbura, ainihin ɗan shi ne mai siffar ƙoda da ke rataye a ƙasa, kuma man da ke cikin ɓawonsa yana ƙona fata, dole a gasa kafin a fasa. A tuffa, guringuntsin tsakiya ne mahaifa, naman kuwa ƙoƙon fure ne. Sitiroberin da ake nomawa a Chaha, kusa da Vom, shi ne misali mafi amfani. Jan naman gindin fure ne, 'yan ƙwayoyin da ke manne a waje, kusan 200 a jikin babba, kowace ɗaya cikakken ɗa ce mai iri a ciki. A 1950 masani Jean Paul Nitsch ya nuna cewa idan aka ɓanɓare su tun suna ƙanana naman ba ya girma, domin su ke fitar da sinadarin da ke sa shi kumbura. Saboda haka sitiroberi mai murɗaɗɗen baki, wanda ba ya samun kuɗi a kasuwannin Abuja, yawanci alama ce ta ƙarancin barbara ko ƙwaro da ya tsotse ƙwayoyin wannan gefen. Gwandar daji fure ɗaya ce mai mahaifa da yawa da suka haɗe. Abarba furanni ne sama da 100 suka manne a kan sanda ɗaya, kowane ido fure guda. Ɓaure kuwa furanninsa a ciki suke, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ke shiga ta ƙofar ƙasa su yi barbara, su ne ake gani idan an ɓare shi.

'Ya'yan da ke bushewa ba su cika jan ido ba, amma su ke ciyar da ƙasa. Sun kasu biyu: masu fashewa da kansu, da waɗanda ba sa buɗewa. Kwanson wake da na waken soya suna tsagewa ta gefe biyu. Ɗan tumfafiya da kwanson goro ta gefe ɗaya. Kuɓewa, riɗi, auduga, rimi da maɗaci suna da ɗakuna da yawa, suna tsagewa gida-gida. Fashewar hanya ce ta watsa iri, ga manomi kuwa asara ce, kuma ita ke tsara lokacin girbi. Riɗi ba a jira ya bushe a tsaye. Da zarar kwansunan ƙasa sun fara rawaya ganye na zuba, sai a yanke, a ɗaure dami-dami, a jingina su kai sama kamar mako biyu, sannan a kifa a kan tamfol a kakkaɓe. Wanda ya makara da mako guda, ƙasa ce za ta ci rabonsa. Tsamiya da ɗorawa dangin wake ne amma kwansonsu ba ya watsewa haka, suna da gari mai daɗi da ke jan mutum da dabba su ɗauki irin su kai nesa.

Gyaɗa ita ma dangin wake ce, da wata ɗabi'a ta daban. Huda na fitowa a sama, bayan barbara sai wata sanda mai tsini ta fito daga gindin furen, ɗauke da mahaifa a bakinta, ta soki ƙasa, a can kwanso ke ginuwa. Abubuwa uku ke biyo bayan wannan. Ƙasa mai tauri tana hana sandar shiga. Noma da fartanya bayan sandunan sun fara sauka yana katse su, sai dai a cire ciyawa da hannu. Na uku, kwanson yana shan kalshiyam kai tsaye daga ƙasar da ke kewaye da shi, ba ta hanyar saiwa ba, don haka ƙasa maras sinadarin, ko wadda ta bushe a wannan lokaci, tana ba da kwanso fanko. Takin supa na ɗauke da kalshiyam, yana cikin dalilan da suka sa ya dace da gyaɗa. Ana gane ta ƙosa idan aka fasa kwanso aka ga cikinsa ya yi duhu a 7 ko 8 cikin 10.

Hatsi shi ne babban misalin waɗanda ba sa buɗewa. Ƙwayar masara, dawa, gero, alkama ko acca cikakken ɗa ce mai iri ɗaya, bangon mahaifa ya manne da fatar irin har ba sa rabuwa sai da turmi. Su ne dusar da surfe ke cirewa. A masara, guzuri ya kai kashi 82 cikin 100, tayi kimanin 11, ɓawo kimanin 5. Mai da yawancin bitamin suna cikin tayi da dusa, wannan ya sa garin da ba a surfa ba ya fi gina jiki, amma ya fi saurin canza wari.

Wake da aka jiƙa dare ɗaya ya isa ya nuna ginin ƙwayar iri. Fatar da ke saɓulewa ita ce rigarta. Idon wake tabon inda take manne da kwanso ne, kusa da shi kuma akwai ɗan rami da ruwa ke fara shiga. Ɓari biyun ganyen tayi ne da suka shanye guzuri suka yi kauri, a tsakaninsu ga 'yar saiwa da ɗan toho. Masara ganyen tayinta ɗaya ne, guzurinta yana gefe bai shanyu ba. A kan wannan aka raba tsirrai masu fure gida biyu: masu ganyen tayi ɗaya, irin su hatsi, albasa, dabino da ayaba, da masu biyu, irin su wake, tumatir da mangwaro. Goron da ake ci ma ganyen tayi ne, na kasuwanninmu ɓari biyu, wani jinsin kuma 3 zuwa 6.

Wasu ƙwayoyin rigarsu ba ta barin ruwa ya shiga. Kalwa, guntsun kuka, tsamiya, bagaruwa da gawo suna iya yin watanni a ƙasa ba su motsa ba. Mai renon dashe yakan kankare rigar kaɗan a gefen da ke nesa da ido, ya jiƙa awa 12 zuwa 24, ko ya sauke tafasasshen ruwa daga wuta ya zuba a kansu ya bari ya huce. Idan aka bar su suna tafasa a wuta, tayin ya dahu. Tumatir nasa shingen yauƙin da ke kewaye da ƙwaya ne. A matse nunanne a roba, a bar shi kwana 2 zuwa 3 ya yi tsami, a wanke, a zubar da masu tasowa sama, a shanya sauran a inuwa. Amma idan tumatirin daga irin haɗi na kamfani ya fito, wanda ake rubuta wa F1, 'ya'yansa za su fito a warwatse, ba kamar uwar ba.

A 1973 masanin Ingila E. H. Roberts ya raba iri gida biyu ta fuskar ajiya, kuma a ganinmu wannan shi ne rabon da ya fi kamata kowane manomi ya riƙe. Kashi na farko suna jure bushewa, bushewar ce ma ke tsawaita ransu: hatsi, wake, gyaɗa, riɗi, kayan lambu. Ƙa'idar da James Harrington ya bayar ita ce, tsakanin danshi kashi 5 da 14, duk ragin kashi 1 yana ninka rayuwar iri, haka ma duk ragin zafi na digiri 5. Masara ana so ta sauka zuwa kashi 13, gyaɗa 7 zuwa 8, in ba haka ba fumfuna mai dafi ta kama su. Wanda ba shi da na'ura ya zuba hatsin sulusin busasshiyar kwalba, ya ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, ya girgiza, ya jira minti 15. Idan gishiri ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Kashi na biyu kuwa bushewa ke kashe su: mangwaro, fiya, kaɗanya, koko da goro. Shi ya sa fatake ke naɗe goro da ɗanyen ganye a huhu suna yayyafa ruwa. Ƙwallon mangwaro a fasa shi a hankali a cikin mako guda, a kwantar da ƙwayar doronta sama, a rufe da ƙasa kaɗan. Idan tsiro uku ko huɗu suka fito daga ƙwaya ɗaya, yawancinsu kwafin uwar ne. Nau'o'in da ke ba da tsiro ɗaya tak ba su da tabbas, su ne dole a yi wa aure, wato a haɗa musu reshen bishiyar da aka san kyawun 'ya'yanta.

Ta ɓangaren nuna, mangwaro, ayaba, gwanda, fiya da tumatir suna fitar da iskar etilin da ke ci gaba da nunar da su bayan an tsinke, muddin sun ƙosa. Su ne za a iya ɗora wa mota da sauran ƙarfi. Lemu, abarba, kankana, inabi da sitiroberi ba sa ƙara zaƙi bayan girbi. Masu saka sinadarin kabayid don gaggauta nuna suna canza launi ne kawai ga ɗan da bai ƙosa ba, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haɗarinsa. Nunanniyar ayaba ɗaya a cikin kwali tana yin aikin ba tare da guba ba.

Kafin damina, ko irin na rumbu ne ko na kanti mai tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, a gwada shi. A ɗebo ƙwaya 100 daga sama da tsakiya da ƙasan buhu ba tare da zaɓe ba, a jera a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. A masara da wake a ƙirga bayan kwana 7, a lissafa masu saiwa da toho lafiyayyu kaɗai. Daga 85 zuwa sama a shuka yadda aka saba. Tsakanin 60 da 84 a ƙara yawan ƙwaya a rami. Ƙasa da haka a nemi wani irin. Irin albasa kuwa, ko da na bara ne, kada a zuba shi a bedi ba a gwada ba, domin da wuya ƙarfinsa ya wuce shekara guda.